Kurakuran da sababbin masu kula da SSO suke yi wajen raba lasisi

Sau uku cikin wata biyu ana kirana a kan matsala iri ɗaya: an ba ma'aikaci lasisin Zoom, bayan kwana biyu ya ɓace, kowa na rantsuwa bai taɓa komai ba. Na gaji da maimaita bayanin a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

A tsarin SSO, ma'aikaci yana shiga manhajoji da yawa da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Mai tsaron ƙofa, wato Okta ko Entra ID na Microsoft wanda kafin 2023 ake kira Azure AD, shi yake tantance mutum, ya rubuta masa takardar shaida ta SAML, ya miƙa wa manhajar. A cikin takardar akwai siffofin mutum: imel, suna, sashen da yake aiki, rukunonin da yake ciki. Kai kuma ka kafa ƙa'ida a ɓangaren Zoom cewa in siffa kaza ta zo da kalma kaza, a ba shi Licensed, wato lasisin da ake biya, in ta zo da wata, a bar shi a Basic, wato na kyauta. Mai Basic taronsa yana yankewa a minti 40.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba da lasisi da hannu alhali ƙa'ida tana aiki. A wata ƙungiya da na yi wa aiki, an ƙara wa wata ma'aikaciya girma daga 'yar kwantiragi zuwa shugabar shiri. Ta nemi lasisi, na shiga shafin gudanarwa na danna mata Licensed, na ce an gama. Ban duba cewa sunanta yana nan a rukunin 'yan kwantiragi ba, rukunin da ni da kaina na ɗaure da Basic. Ranar taronta da masu ba da tallafi ta sake shiga ta sabuwar kwamfuta, takardar shaida ta zo da tsohon rukuni, ƙa'ida ta mayar da ita Basic. Tana tsakiyar bayanin kasafin kuɗi taron ya mutu. Da ta kira ni, "Malam, me na yi maka?" kawai ta ce. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin aikin wata shida ta zo gabatarwa, kuma sakacina ne ya kunyata ta.

Ku fahimci wannan da kyau: ƙa'idojin da ke sashen ci gaba na daidaita SAML a Zoom suna sake aiki a kan mutum duk lokacin da ya shiga ta SSO. Lasisin farko da ake sa wa sabon shiga kuwa sau ɗaya yake aiki, ranar da aka buɗe asusun. Mutane suna haɗa waɗannan biyun, su canza lasisin farkon, su zauna suna jiran tsofaffin ma'aikata su canza. Ba za su canza ba. Ni yanzu ba na taɓa lasisin kowa a cikin manhaja. Rukuni biyu nake buɗewa a Entra, ba ruwansu da sashe ko muƙami, lasisi kawai suke nufi, kuma duk mai buƙata a can nake sa shi. Wasu abokan aiki sun fi son ɗaurawa a kan sunan sashe don ya tafi da kansa. Ban yarda da shi ba, saboda ofishin ma'aikata yana iya sauya wa sashe suna gobe ba tare da ya faɗa maka ba.

Kuskure na biyu kuɗi yake ci a hankali, shi ya sa ba a lura. SAML yana magana ne kawai lokacin da mutum ya zo shiga. Wanda ya ajiye aiki ba zai sake shiga ba, don haka babu takardar da za ta je ta ce a karɓe lasisinsa. Kun rufe asusunsa a Entra, kun yi daidai, ba zai iya shiga ba, amma kujerarsa tana nan a Zoom kuna biya duk wata. Sai ranar da lasisi ya ƙare, sabon ma'aikaci ya rasa, a ruga wurin akanta a ce a ƙaro. Haba jama'a! Kafin ku nemi ƙarin kuɗi, kun duba mutum nawa ne rabonsu da shiga ya kai wata uku? Maganin shi ne SCIM, ƙa'idar da aka fitar da siga ta biyu a 2015, wadda take aika canje-canje ba sai mutum ya shiga ba. Entra yana zagayawa da ita kusan kowane minti 40. Sai dai in kun kunna ta, ku zaɓi ɗaya ya riƙe lasisi, ko SCIM ko SAML. Direba biyu ba sa tuƙa mota ɗaya: wannan ya ba da, wancan ya karɓe, ku kwana kuna neman aljani.

Sauran ba su kai waɗannan zafi ba. Entra yakan aiko da lambar rukuni mai tsawo maimakon sunansa, kai kuma ka rubuta suna a ƙa'ida, ba za su haɗu ba. Sunan siffar ma sau da yawa dogon adireshi ne, a kwafe shi cif, kada a rubuta da ka. Mutumin da rukunoninsa suka haura 150, Entra ba ya jera su a takardar SAML, don haka a saita shi ya aiko da rukunonin da aka ware wa manhajar kaɗai. Rukuni a cikin rukuni ba ya gādon damar shiga manhaja. A jami'o'i kuma, siffar eduPersonAffiliation tana iya cewa mutum ɗalibi ne kuma ma'aikaci a lokaci guda, kamar ƙaramin malami mai karatun digiri na uku, sai ku yanke tun farko wace za ta rinjaya.

Kuma don Allah a daina gwaji da asusun mai gida. Ƙa'idojin nan ba sa aiki a kan mamallakin asusun Zoom, za ka ga komai lafiya alhali ba ka gwada komai ba. Ina ajiye asusun gwaji guda uku, ɗaya a kowane rukuni, ɗaya ba ya ko'ina, in buɗe SAML-tracer, ƙaramar manhajar da ke nuna takardar SAML, a burauza in karanta takardar da idona kafin in taɓa ƙa'ida. In na gama, na ukun nake fara shiga da shi, domin shi ne yake nuna mini abin da sabon ma'aikacin da aka manta ba a sa a rukuni ba zai tarar ranar Litinin.