Yadda Ake Koyon Zamiya da Lemar Iska a Tudun Hardangervidda

Ranar da na fara riƙe lemar iska a kan dusar ƙanƙara, ban yi minti biyu a tsaye ba. Na ja linzamin, wato sandar tuƙa lemar, da ƙarfi, lema ta sunkuyo ta gabana, sai kawai na ji ni rub da ciki ana jana kamar buhun gero, ƙanƙara na shiga ta wuyan riga. Mai koyar da mu yana ta ihu in saki, ni kuwa sai ƙara ƙanƙame sandar nake yi, don wanda ya tsorata abin da ke hannunsa yake riƙewa. Saboda haka a bayanin nan sakin lema zai zo kafin zamiya da ita, tafiya da ƙafa kuma za ta zo kafin su duka.

Wasan kansa ba shi da wuyar fahimta. Mutum ya ɗaura falankai biyu na zamiya a ƙafa, ya sa ɗamara a ƙugu, ya maƙala igiyoyin wata lema mai kama da ta masu dirowa daga jirgi, iska ta ja shi a kan farin fili. A Turai ba wurin da ya kai Hardangervidda suna a wannan harka. Tudu ne shimfiɗaɗɗe a kudancin Norwe, tsakanin Oslo da Bergen, babu itatuwa, iska kuma ba ta cika yankewa ba. Tun 1981 aka keɓe babban ɓangarensa ya zama gandun ƙasa. Jirgin ƙasan Bergen yana ratsa gefensa na arewa, ya tsaya a Haugastøl, inda masu lema suka fi taruwa, sannan ya hau Finse, tashar da ke mita 1,222 sama da teku, wadda mota ba ta zuwa.

Da farko, koyi tafiya ba lema

Wannan ne matakin da kowa ke son tsallakewa. Lema tana iya nisanta ka da masauki kilomita 20 kafin awa ɗaya ta cika. In iska ta kwanta, kuma tana kwantawa ba sallama, ƙafarka ce za ta dawo da kai, tafiyar da za ta cinye maka sauran yinin. Don haka ka ba kwana biyu ko uku ga zamiya zalla: yadda ake tsayawa, yadda ake juyawa, yadda ake tashi bayan faɗuwa ba tare da cire falanki ba.

Falankan shiga daji sun bambanta da na filin wasa. Maɗaurinsu yana sakin diddige don ka iya taku, in za ka gangara kuma ka kulle shi. Don hawa tudu ana manna musu wata fata a ƙasa, mai gashi kwance gefe guda: ta zame gaba, ta cije in za ta koma baya. Da can fatar wata dabbar teku ce, yanzu gashin akuyar Angora ne ko nailan. Ka gwada mannawa da ɓarewa da safar hannu a hannunka, cikin iska, don a nan za ka buƙace ta, ba a ɗaki mai ɗumi ba. In ka cire, ka naɗe ta ka sa cikin riga, gam ɗinta ba ya kamawa in ya daskare.

Sutura

Duk wanda ya taso da hunturun Kano ko Damagaram yana jin ya san sanyi. Wannan wani abu ne daban. Ma'auni na nuna 10 ƙasa da sifili, iska na gudun mita 10 a daƙiƙa, jikinka zai ji kamar 20 ƙasa da sifili. Abin mamaki, gumi ne babban maƙiyi. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta zama ƙanƙara a jikinka, saboda haka singiletin auduga ya zauna a gida. Ulu a jikin fata, wata mai kauri a kai, sannan rigar da ke tare iska. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, minti goma zai gyara. Jibgegiyar riga ta zauna a jaka sai an tsaya hutu.

Hular kwano dole ce, haka tabarau mai rufe ido ruf, don hasken rana a kan farar ƙanƙara yana ƙona ido, kuma baƙar fata ba ta hana wannan. Safar hannu biyu, ɗaya a ajiye. Ku riƙa duba fuskokin juna: in kan hanci ko kunci ya yi fari fat ko toka-toka, ya daina ji, sanyi ya fara cin wurin. A ɗora tafin hannu mai ɗumi, kada a murza. Ni alwalata nake yi a masauki kafin in fita, in yi ƙoƙarin riƙe ta, don jiƙa yatsu a waje cikin wannan iska neman magana ne.

Ƙaramar lema, ƙafa a ƙasa

Ka nemi mai koyarwa, akwai su a Haugastøl. Za a fara ba ka lemar gwaji, murabba'in mita 2 ko 3, ba falanki a ƙafarka. Ka juya wa iska baya. Yanzu ka ɗauka sararin da ke gabanka rabin ƙwarya ce a kife, kai kana tsakiya. Lema ba ta tashi sai a cikin wannan ƙwaryar. Masu wasan suna lissafta bakinta da agogo: ƙarfe 12 saman kanka, 9 hagu, 3 dama. A bakin ƙwarya lema lafiya lau take, kusan ba ta ja. A tsakiya, ƙasa-ƙasa, daidai inda iska ta dosa, nan ƙarfinta yake gaba ɗaya. Nan na tura tawa ranar farko.

Tuƙi da linzami ne, wato sandar da igiyoyi suka haɗu a kanta. Ka ja hagu ta yi hagu, ka ja dama ta yi dama. Ba a murɗa ta kamar sitiyarin mota. A babbar lema, in ka jawo sandar jikinka ƙarfi ya ƙaru, in ka tura ta gaba ya ragu. Ka yi ta zana lamba 8 a kwance a sama har hannunka ya san inda lema take ba sai ka ɗaga kai ba. Wasu awa biyu ta ishe su, ni yini guda na yi.

Sai darasin saki, mai hawa uku. Na ɗaya, ka saki linzami, yawancin ƙarfin zai mutu. In har yanzu ana janka, ka tura jan maɓallin da ke gaban ɗamararka, lema ta faɗi tana reto a igiya ɗaya. In wannan ma bai yi ba, misali ta sarƙe da wani abu mai tafiya, ka cire igiyar ƙarshe ka bar ta ta tafi, kuɗi ne kawai. Ka maimaita wannan sau ashirin, da safar hannu, ido a rufe, ka kuma koyi mayar da maɓallin. Kowace safiya ka duba ko ƙanƙara ta daskare a cikinsa. Kada ka taɓa naɗa igiya a yatsa ko hannu: siririya ce, in iska ta cika lema yanka take yi kamar reza.

Haɗa su biyun

Ka zaɓi fili shimfiɗaɗɗe, ba duwatsu, ba titi, ba wayar lantarki a ɓangaren da iska ta nufa. Igiyoyin sun kai mita 20 zuwa 25, to ka bar ninkin haka sau da yawa a gabanka. Iskar mai koyo ita ce mita 4 zuwa 7 a daƙiƙa, mai kaɗawa bai ɗaya. Ka riƙe wannan lissafi: in gudun iska ya ninka biyu, jan lema ninka huɗu yake yi. Shi ya sa ake rage girman lema in iska ta ƙaru, kuma shi ya sa iska mai zuwa da fizga ta fi mai ƙarfi haɗari.

Ka shimfiɗa lema, ka danne gefenta da dusar ƙanƙara, ka warware igiyoyi kana tafiya kana tsefe su da yatsu har linzami. Sai ka sa falankai, ka maƙala ɗamara, ka tayar da ita zuwa ƙarfe 12. Don tafiya dama, ka nuna falankai dama da ɗan karkata zuwa inda iska ta dosa, ka sunkuyar da lema a hankali zuwa ƙarfe 1 ko 2. Za ka ji ƙugunka ya ɗauka. Ka durƙusa kaɗan, ka jingina baya, ka bar ɗamara ta yi aikin. In damatsanka sun gaji cikin minti biyar, da hannu kake kokawa, ba daidai ba ne. Tsayawa kuwa, ka mayar da lema sama a hankali, ka juya falankai su fuskanci iska. In ka mayar da ita sama da gaggawa, ɗaga ka za ta yi.

Bin iska kowa ya iya. Gwaninta ita ce komawa inda ka taso, ta hanyar kafa gefen falanki a ƙanƙara kana yanka iska a karkace, dama sannan hagu. Har sai ka iya wannan, kada ka wuce inda kake hango jakarka. Bayan ka iya ma, ka fara tafiyar yini da fuskantar iska, don dawowa ta zo da sauƙi lokacin da ka gaji.

Kafin ka yi nisa

Kowace safiya a duba abu biyu: hasashen yanayi a shafin intanet na Yr, da gargaɗin zaftarewar ƙanƙara a shafin Varsom. Gargaɗin hawa biyar ne, kuma kada 3 ta ruɗe ka don tana tsakiya, a wannan hawan aka fi rasa rayuka. Ƙanƙara takan zafto ne daga gangaren da ya kai digiri 30 ko fiye, tana kuma iya malalowa kan fili har ninki uku na tsayin gangaren. Tsakiyar tudun shimfiɗe yake, amma gefunansa da kwazazzabai ba haka suke ba, kuma iskar da kake murna da ita ce ke tara ƙanƙara a bayan tudu inda take jiran mai takawa.

Kowa a ayari ya ɗauki abu uku: na'urar da ke aika sigina a rataye a ƙirji cikin riga, dogon tsinken lalube mai naɗewa, da shebur na ƙarfe. Wanda aka tono cikin minti 15 yawanci yana rayuwa, bayan haka dama tana zubewa da sauri. Ma'ana, abokan tafiyarka ne za su tono ka, ba jirgin ceto ba. Ku binne jaka da na'ura a ciki ku yi gwaji da agogo. Ka ƙara da taswira ta takarda da kamfas, don sanyi yana shanye batirin waya, da filas na shayi, da buhun fakewa daga iska. Lambar 'yan sanda 112, ta asibiti 113, amma ba ko'ina ake samun sabis ba.

Ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta Norwe, DNT, wadda aka kafa a 1868, tana da bukkoki a tudun, kuma wajen Maris zuwa bikin Ista takan kafa rassan itace a jere don nuna hanya tsakaninsu. Wannan lokacin ne ya fi dacewa da baƙo: yini ya yi tsawo, ƙanƙara ta zauna. In kun hango garken barewar arewa, ku sauke lema ku kauce. Garken daji mafi girma a Turai a nan yake, kuma gudu a ƙarshen sanyi yana cinye kitsen da matan ke buƙata kafin haihuwa.

Hazo shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Sama da ƙasa su zama fari ɗaya, ba ka san ko tafiya kake ko tsaye ba. A 1896 Roald Amundsen, wanda daga baya ya riga kowa isa ƙuryar kudancin duniya a 1911, ya yi yunƙurin ratsa wannan tudu da ɗan'uwansa Leon. Suka ɓata, ya kwana a rami, ƙanƙara ta daskare a kansa, sai da Leon ya tono shi. Dokokin tsaunin Norwe, waɗanda aka yayata sosai bayan mutum 18 sun mutu a Istar 1967, suna cewa a juya da wuri, babu kunya a juyawa. Kafin ka fita, ka faɗa wa mai masauki inda ka nufa da ƙarfe nawa za ka dawo, in ka dawo kuma ka je ka shaida masa.