Biza ta ƙare a Kanada kuma akwai miji ko mata a can: yadda ake neman takardar zama

Jama'a, abu na farko da nake so ya zauna a ran kowa shi ne, wuce wa'adin biza a Kanada ba ya hana mijinki ko matarka su ɗauki nauyinka ka samu takardar zama ta dindindin, wato PR. Tun 2005 gwamnati ta fito da wata manufa da ta yafe rashin izinin zama ga ma'auratan da suke tare a cikin ƙasar. Wanda ya shigo da bizar ziyara wata shida ta cika bai fita ba, wanda takardar karatunsa ko ta aikinsa ta mutu, har wanda ya yi aiki ba izini, duk suna ciki. Amma fa yafiyar nan tana da iyaka, ba ta rufe laifi, ba ta rufe wanda ya shigo da fasfon bogi ya yi ƙarya da shi, ba ta rufe wanda aka taɓa kora ya dawo ba da izini ba.

Toh sai a duba mai ɗaukar nauyin. Dole ya kai shekara 18, ya zama ɗan ƙasa ko mai PR, kuma in mai PR ne sai yana zaune a Kanada. Kada ya kasance yana karɓar tallafin gwamnati na marasa hali, sai dai in na nakasa ne. In shi ma ta aure aka kawo shi, sai ya cika shekara 5 da samun PR kafin ya ɗauko wata. Yawanci ba a neman wani adadin albashi, wannan mutane da yawa ba su sani ba suna ta ɗaga hankalinsu a banza. Abin da zai sa hannu a kai shi ne alkawarin shekara 3 na ci da sha da sutura da wurin kwana, kuma ko an rabu alkawarin na nan daram, in wanda aka ɗauko ya karɓi tallafin gwamnati a cikin shekarun nan mai ɗaukar nauyin ne zai biya.

Yanzu maganar auren kansa, a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Tun watan Yunin 2015 hukumar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, ta daina karɓar auren da ba a ɗaura shi ango da amarya duk suna wurin da kansu ba. Ka ga yadda muka saba, ango yana Toronto yana kallo ta waya, wakilinsa ya karɓa masa aure, an yi addu'a an shafa, a addini aure ya ɗauru babu ko tantama, amma a wurinsu babu shi. Ta waya, ta intanet, ta wakili, duk ɗaya suka ɗauke su. Haka nan wanda aka ɗaura a masallaci a cikin Kanada ba tare da an yanki lasisin aure na lardin da kuke zaune ba, ba a yi masa rajista ba, shi ma ba za ka samu takardar da za ka nuna ba. Don haka in ba ku riga kun ɗaura ba, ku yanki lasisin tukuna, ku tabbatar limamin yana da izinin lardin na ɗaura aure, ku kuma kasance a wurin ku biyun.

In kuma aikin gama ya gama fa? Akwai ƙofa ta biyu, ta mutanen da suka zauna gida ɗaya kamar ma'aurata wata 12 a jere ba yankewa. Na san wani zai yamutsa fuska ya ce ai wannan zaman dadiro ne, eh dokar ta haɗa da su, amma ku da kuke da aurenku na addini takarda ce kawai ba ta cika ba, ita ce mafitarku, ba abin kunya a ciki. Sai dai wata 12 ɗin sai an nuna shi a rubuce: takardar hayar gida da sunanku biyu, asusun banki na haɗin gwiwa, bil ɗin wuta ko na waya, lasisin tuƙi mai adireshi ɗaya. Tafiyar 'yan kwanaki ba ta ɓata lissafi, doguwar rabuwa tana ɓatawa. Mai mata biyu kuma ya sani Kanada ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya ba, ta farko kaɗai doka ta sani, wannan kada ka cike komai sai ka zauna da lauya.

Sai zaɓen hanyar neman takardar, ta ciki, wato ta ma'auratan da ke zaune tare a Kanada, ko ta waje, wato wadda aka saba bi in wanda za a ɗauko yana wata ƙasa. Ta ciki ita ce wadda yafiyar 2005 ta shafa, sharaɗinta kuna zaune tare a Kanada har a gama. Matsalarta biyu ce. In ka fita daga ƙasar, ko rasuwa aka yi maka, kuma aka hana ka dawowa a boda, takardar ta rushe, wanda bizarsa ta riga ta mutu kuwa dawowar tasa da wuya. Sannan in aka ƙi ka babu ɗaukaka ƙara, sai dai ka roƙi Kotun Tarayya ta duba hukuncin kuma kwana 15 kawai gare ka. Ta waje kuma, wanda ke cikin Kanada ma yana iya bin ta, in aka ƙi mai ɗaukar nauyi yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Ni a ganina mai bizar ziyara da ke da rai kuma yana yawan tafiya ya duba ta waje, wanda tasa ta mutu kuma ya bi ta ciki ya zauna wuri ɗaya.

In har yanzu kwanakinka ba su ƙare ba, dan Allah kada ka bari su ƙare kana cewa ai akwai yafiya. Nemi ƙarin wa'adi tun saura kamar kwana 30, muddin ka tura kafin ranar ta cika kana nan bisa doka har su amsa. In ta riga ta wuce kana da kwana 90 na neman a maido maka da matsayinka. Amfanin wannan a wurin aiki yake fitowa: mai izinin zama yana iya neman buɗaɗɗiyar takardar aiki, wato wadda ba ta ɗaure shi da wurin aiki ɗaya ba, da zarar wasiƙar da ke nuna sun karɓi fayil ɗinsa ta zo, marar izini kuwa sai ya jira amincewar matakin farko, wato lokacin da IRCC ta yarda ya cika sharuɗɗan farko kafin hukuncin ƙarshe, watanni kenan kana zaune matarka ita kaɗai ke biyan haya.

Kuma tura takarda ba garkuwa ba ce. Masu korar mutane hukumar tsaron iyakoki ce, wato CBSA, daban take da IRCC, aikinta ba ya tsayawa don kun danna tura. Akwai jinkirin kwana 60 da ake bai wa wasu, amma wanda aka riga aka kira intabiyun shirin kora kafin ya tura ba ya samu. Korar tana tsayawa ne bayan amincewar matakin farko. Shi ya sa wanda ya ce bari sai an yi biki an huta, ko sai kuɗi sun taru, yana wasa da wuta ne.

Turawar ta intanet ake yi a shafin IRCC tun 2022. Fom ɗin da za ku fi shan fama da su IMM 1344 na alkawari, da IMM 5532 inda za ku ba da labarin yadda kuka haɗu, da IMM 0008 da IMM 5669 na tarihin rayuwa, wanda ba a son ka bar ko wata ɗaya babu bayani. Kuɗi kuwa, a farashin da aka sa a Afrilun 2024, dala 85 ta ɗaukar nauyi, 545 ta duba takardu, 575 ta haƙƙin PR, sai 85 ta hoton yatsu, dalar Kanada kenan, amma ku duba shafin ranar da za ku biya don suna ƙarawa. Akwai gwajin lafiya wurin likitan da suka amince da shi, da takardar 'yan sanda daga duk ƙasar da ba Kanada ba da ka zauna wata 6 a jere tun kana shekara 18. Hirarku ta WhatsApp in da Hausa kuka yi sai an fassara ta zuwa Turanci ko Faransanci, fassarar da aka tabbatar, ba ƙaninka ya zauna ya juya ba, to ku tsinci kaɗan masu ma'ana daga watanni daban daban maimakon ku jibga musu komai. Mazauna lardin Kubek suna da ƙarin mataki da gwamnatin lardin kuma nasu ya fi daɗewa sosai.

Kada ka ɓoye cewa ka wuce wa'adi ko ka yi aiki a ɓoye, wannan an yafe, ƙaryar ce ba a yafewa, hukuncinta haramcin shekara 5. Ka rubuta duk 'ya'yanka har waɗanda ba za su zo ba, da auren baya da takardar saki, don yaron da ba ka ambata ba zai iya zama wanda ba za ka taɓa iya ɗaukowa ba. In za ka biya wani ya taimaka maka, ya zama lauya ko mai lasisin CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice, sunansa yana cikin rajistarsu a intanet, ka duba kafin ka ba shi ko sisi, kuma ka karanta duk abin da ya cike da sunanka don kai za a tuhuma ba shi ba.

'Yan uwa mata kuma, wadda mijinta ke dukanta yana mata barazanar zai janye takarda, akwai izinin zama na wucin gadi na musamman ga waɗanda ake cin zarafinsu a gida, na farkon ba a biyan kuɗinsa kuma ba sai da sa hannun mijin ba. Wadda PR ɗinta ya riga ya fito kuwa, tun 2017 aka soke sharaɗin sai an zauna tare shekara biyu, ba shi da ikon ƙwace shi.