Yadda ɗalibai za su haɗa shirin noman lambu a rediyo tare da mutanen gari

Duk ɗalibin da aka ɗora wa aikin haɗa shirin rediyo kan noman lambu, ko ɗan koyon aikin jarida ne ko ɗan sashen aikin gona, abin da zan fara ce masa shi ne ya ajiye handawut tukuna ya nemo takalmin da ba zai ji haushi ba in ya shiga taɓo. Mu da muka yi namu, mu shida ne, sati biyu cur muka ɓata a gindin bishiya cikin makaranta muna juya lakca daga Turanci zuwa Hausa wai muna rubuta shiri, ranar da muka je fadama muka karanta wa wani dattijo mai lambu sai ya tsaya ya jingina da ƙotar fartanya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce "to samari, wannan da wa kuke?" Wallahi babu wanda ya iya ba shi amsa.

To kada ku bi ta nan. Ku fara da neman mutanen da za ku yi aikin tare, kuma akwai ƙofar da ake bi. Ba a faɗa wa lambun mutane da waya a hannu kawai a ce Baba yi magana. Ku je wurin mai unguwa ko dagaci ku yi gaisuwa, ku faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku, shi zai haɗa ku da sarkin noma ko shugaban ƙungiyar manoman rani, kuma da zarar an ce mai unguwa ne ya turo ku to rabin aikin ya ƙare. Ku tafi da takarda daga sashenku, sannan tun a zaman farko ku faɗa ƙarara cewa ba taki kuka zo rabawa ba, ba kuma sunaye kuke ɗauka na tallafi ba, don in ba ku faɗa ba haka za a ɗauka, ranar da aka gane babu komai kuwa sai ku ga an watse an bar ku da rikoda.

Bayan manoma sai malamin gona. A Kano akwai malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar, sauran jihohi ma kowacce da hukumarta, in kuma kuna wajen Zariya ai kun huta, ga cibiyar binciken noma ta IAR ga cibiyar NAERLS duk a Samaru ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, su NAERLS ma isar da binciken noma ga manomi shi ne aikinsu. Sai gidan rediyo, in makarantarku na da tasharta kamar yadda BUK da ABU suke da su to ku fara da can, in babu ku nemi furodusan shirin noma a tashar garinku, kusan kowace tasha a Arewa tana da irin wannan filin, ku roƙi minti goma a cikin nasa maimakon ku ce sai an ba ku fili naku na kanku, kuɗin fili ba na aljihun ɗalibi ba ne.

Jadawalin shirin kuma ba kalandar makaranta zai bi ba, ta lambu zai bi, nan ne ɗalibai suka fi yin kwaɓa. Mai tumatir na rani yana zuba iri ne wajen ƙarshen damina, bayan sati uku zuwa huɗu ya yi dashe, albasa ita ta fi daɗewa kafin ta isa dashe, takan kai sati shida ko fiye, alayyafo kuwa cikin wata guda an fara yanka. In ka zo kana bayanin zuba iri alhali mutane suna kai kwanduna kasuwar Kwanar Gafan ko ta Yankaba a Kano to da kanka kake hira. Ku zauna da manoman ku tambaye su wata-wata me ake yi, me ke hana su barci a wannan watan, a kan abin da suka faɗa za ku jera makonnin, kuma kowane shiri ya riga aikin da kamar sati biyu don mai sauraro ya samu damar shiryawa.

Ranar ɗaukar murya ku fita da sassafe, kafin rana ta yi kafin iska ta taso, don iskar hunturu in ta bugi makirfon waya babu abin da za ku ji sai buu. Mu safa muka riƙa sa wa wayar, safar ƙafa wankakkiya, kuma ta yi aiki. Ku roƙi a kashe injin ban ruwa na minti goma, amma kafin a kashe ku ɗauki ƙararsa kaɗan da ƙarar ruwa yana shiga fangali, da su za ku buɗe shirin, manomi na jin wannan ya san nasa ne. Wayar a sa ta yadda kira ba zai shigo ba, a riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana. Ku nemi izini kafin ku danna, ku tambaya ko yana so a faɗi sunansa a rediyo, wani yana so har ya ce a gaida masa abokansa na kasuwa, wani kuwa ba ya so a san yawan abin da yake samu.

Tambaya ma tana da salo. Kar ka ce "Baba waɗanne ƙalubale kuke fuskanta", wannan tambayar 'yan siyasa ce kuma amsarta ɗaya ce, gwamnati ta taimaka. Ka tsuguna ka kama ganyen da ya nannaɗe ka ce "Baba wannan me ya same shi?" sai ka ja bakinka ka yi shiru. A nan ne za ka ji sunan da suke kiran abin da shi, misali tsutsar nan da ta cinye tumatir a 2016 har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, a littafi Tuta absoluta ce amma a Kadawa da Kura ta jihar Kano in ba ka ce Sharon ba babu wanda zai san me kake nufi. Haka taki, wanda littafi ke kira NPK su kamfa suke ce masa, kai ma haka za ka ce.

Amma fa ba duk abin da manomi ya faɗa ake sakewa a iska ba, nan ne amfanin malamin gona. Maganar feshi musamman, za ka ji wani ya ce yana haɗa magani kala uku a tanki ɗaya, ko ya yi feshi yau gobe ya tsinka ya kai kasuwa, in ka saki wannan ka koya wa dubban mutane abin da zai cutar da su da masu cin kayan. Kowane magani akwai awonsa a jikin kwalba da adadin kwanakin da za a jira kafin a tsinka, a sa malamin gona ya faɗe shi da bakinsa, da awon da mutane suka sani, murfi nawa a tanki mai lita nawa. Ku ɗalibai kada ku kuskura ku faɗi awo daga ka. Kuma kada a yi gyaran ta yadda za a kunyata dattijo a rediyo, a yanke wurin kawai a maida shi tambaya, "wasu kan yi kaza, Malam ya kake gani?"

Mata kuma kada a manta da su, kuma wannan aikin 'yan matan cikinku ne don su ne za su shiga gida. Lambun cikin gida, zogale, yakuwa, alayyafo a buhu ko tsohuwar roba da aka huda gindinta, ƙasa da takin tumaki da ya ruɓe, ruwan jiƙon ganyen darbejiya don ƙwari, wannan kashin shi ya fi kawo mana kira fiye da komai, don bai buƙatar fili bai buƙatar inji.

Wajen tace murya manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta kuma ta isa. Abu ɗaya a kowane shiri, kada a haɗa taki da ƙwari da farashi a shiri ɗaya, kuma muryarku ta zama ita ce mafi ƙaranci, ku gabatar ku yi tambaya ku maimaita muhimmin abin sau biyu a ƙarshe. Lokacin sakawa ku nemi bayan Magariba ko bayan Isha, da hantsi mai lambu yana cikin ruwa. In akwai kiran waya ku sani da yawa filashin za su yi, sai a ware ɗan kati a riƙa kiran su, a ajiye littafi guda ana rubuta kowace tambaya da garin da ta fito, wadda ba a san amsarta ba a ce sai mako mai zuwa, kuma a cika alkawari. Bayan an saka, ku mayar da shirin ga masu shi ta WhatsApp ko a katin waya, dattijon nan namu sai da ya sa jikansa ya kunna masa sau uku a majalisa.

Zangon karatu zai ƙare lambu bai ƙare ba, saboda haka tun saura wata guda ku fara shigo da 'yan ajin da ke bayanku, ku kai su fadama ku gabatar da su ga sarkin noma baki da baki, littafin tambayoyin nan da duk muryoyin da kuka ɗauka ku bar kwafi wurin furodusa, kwafi wurin malaminku, sannan ku koma wurin mai unguwa ku yi sallama kamar yadda kuka shigo.