Idan hotuna suka ɓace daga katin kyamara

Wata Asabar a Argungu, an gama kamun amarya ana shirin walima, na miƙa wa yaron da ke koyon aiki a wurina kyamara ya sauya batir. Da ya dawo da ita na duba, babu hoto ko ɗaya. Ashe hannunsa ya kai kan fomatin, wato umarnin goge duk abin da ke katin, bisa kuskure. Hoto sama da 400 ne a katin, ciki har da na kakar amarya, tsohuwar da aka ɗauko tun daga Kangiwa saboda wannan biki.

Ina tsaye cikina ya ɗuri ruwa sai ga uwar amarya. "Malam mai hoto, ina fatan ka ɗauke mu da Inna?" Na ce, "Na ɗauka, Hajiya." Sai na kashe kyamarar, na zare katin, na tura ɗan makullin da ke gefensa ƙasa wajen da aka rubuta Lock, na naɗe shi a takarda na sa a aljihun gaba. Na sa wani katin na ci gaba da aiki. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, babu wanda ya kai wannan muhimmanci: da zarar ka ga hotuna sun ɓace, kada ka ƙara ɗaukar ko ɗaya a kan katin. Ko na gwaji.

Ga dalili. Ka ɗauki mai siton shinkafa a kasuwar Jega. Yana da littafin da yake rubuta buhun wane yana lungu kaza. In aka yage shafin, buhunan suna nan inda suke, sai dai littafi ya nuna wurin babu kowa. Haka kati yake. Gogewa ko fomatin na yau da kullum littafin kawai yake taɓawa, hotunan suna kwance. Amma kyamara da littafi take aiki, don haka sabon hoton da za ka ɗauka kan tsohon za ta ɗora shi, kuma wanda aka rubuta wani a kansa ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Na sha ganin abokan sana'a sun kawo mini kati bayan sun yi wani bikin guda da shi, suna roƙon a ceto na makon jiya. Abin yana yi mini ciwo, don da ranar suka kawo da an dace.

Da ka isa gida, sa katin a kad-rida, wato 'yar na'urar karanta kati, ka haɗa da kwamfuta, kada ka jona kyamarar kanta da kwamfutar. Ka tabbata kwamfutar ta cika da caji, domin aikin kan ɗauki lokaci, wuta kuma ba ta da tabbas. In Windows ta ce sai an yi fomatin kafin a buɗe katin, ko ta ce bari ta gyara shi, ka ƙi. Dukansu rubutu suke yi a kan katin.

Kafin komai, duba ko hotunan ɓoye su aka yi. Wannan ya zama ruwan dare ga katin da ya shiga kwamfutar shagon wanke hoto ko na buga takardu, inda filas ɗin kowa ke shiga. Alamarsa, katin yana nuna a cike yake, amma foldar DCIM, inda kyamara ke ajiye hotuna, ta ɓace ko ta koma wani gunki mai 'yar kibiya. Bairos ne. Kada ka danna gunkin. Shiga saitin folda ka ce a nuna ɓoyayyun fayiloli, har da waɗanda Windows ke karewa, za ka ga foldarka ta fito dishi-dishi. Kwafe ta zuwa kwamfuta, shi ke nan.

In kuwa gogewa ce ta gaske, manhaja biyu nake amfani da su, duk kyauta ne. Ta farko Recuva, mai sauƙi ce ga wanda bai saba ba. Ka zaɓi hotuna, ka nuna mata katin, ka kunna Deep Scan. Za ta jero abin da ta gano da ɗigo mai launi: kore lafiya lau, ruwan goro akwai rauni, ja kuwa an riga an rubuta wani a kansa.

Ta biyun ita ce PhotoRec, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya ƙirƙira, tana zuwa tare da wata manhajar mai suna TestDisk. Ita na fi yarda da ita, ita ce kuma ta fitar da ni kunya a aikin Argungu. Baƙin allonta da rubutu zalla kan tsorata mutane, amma a cikin foldar akwai qphotorec mai maɓallan dannawa. Ba ruwanta da littafin sito, buhu-buhu take bi tana duba bakin kowanne, ta gane wannan hoto ne. Zaɓi katin da kyau, ka gane shi da girmansa, 32 giga ko 64. A wajen nau'in fayil ka zaɓi jpg. Mai ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya zaɓi tif ma, don a ƙarƙashinsa CR2 na Canon da NEF na Nikon suke. Sannan za ta tambayi inda za ta zuba abin da ta samo. A nan mutane ke yin kuskure na biyu: kada ka zaɓi katin. Buɗe sabuwar folda a kwamfuta.

Hotunan za su fito a folda mai suna recup_dir.1, da sunaye na lambobi barkatai, haɗe da tsofaffin da ka manta da su. Kada ka damu, ranar ɗauka tana cikin jikin kowane hoto, sai ka jera su da ita. A daren nan na samu 391 lafiyayyu, wasu kaɗan rabinsu ya zama toka-toka. Na Inna uku ne, duk sun fito. Na kira yaron na ce, "Zo ka gani," don tun rana bai iya cin abinci ba.

Akwai inda dabarar ba ta ci. Kyamarorin Canon suna da zaɓin Low level format, shi share katin yake yi ƙarƙaf. Bidiyo ma ya fi hoto wuyar dawowa, don a gutsure yake kwanciya. Katin da ya tsage, ko yake zafi in an sa shi, ko kwamfuta ba ta ganinsa sam bayan ka gwada kad-rida biyu, ka daina tura shi ciki da waje, aikin masu kayan gyara na musamman ne. Sai kuma jabun kati, wanda aka rubuta 64 a jikinsa alhali cikinsa 8 ne. Kyamara za ta yi ta nuna tana ɗauka, amma abin da ya wuce ainihin girmansa bai taɓa zama ba. Shi ya sa duk sabon katin da na saya sai na gwada ainihin girmansa da manhajar H2testw kafin ya je biki.

Tun daga ranar na sauya tsari. Kati huɗu masu 32 nake fita da su maimakon babba guda, cikin 'yar gwangwani mai murfi saboda ƙurar hunturu. Ba na zare kati fitilar kyamara tana ƙyaftawa, ba na ɗauka batir yana ja. Fomatin a cikin kyamara nake yi, ni da kaina, kuma sai na buɗe hotunan na gan su a wuri biyu, kwamfuta da wani rumbun daban.