Yadda ake ɗaura farantin haƙora da sensar karank a injin tsohuwar mota

Duk mai riƙe da tsohuwar Land Cruiser mai injin 2F, ko Caprice ta farkon shekarun 1970, ko Datsun ɗin da ta ga jiya ta ga yau a titunan Jidda da Makka, ya san halin dilko, mai rarraba wa fulogai wuta, idan ya tsufa. Sandar cikinsa ta yi lako-lako, balatin da ke katse wutar koyil yana cinyewa, sifirin ɗin da ke ƙara taimin (lokacin fitar wuta) sun saki. A saita yau, bayan sati biyu mota ta koma tari da atishawa. Dilko yana samun juyi ne daga kam, kam kuma daga karank ta sarƙa ko giya, don haka duk wasan da ke tsakani yana komawa kuskure a lokacin fitar wuta. Maganin wannan shi ne a ɗauki sigina kai tsaye daga karank.

Kafin ka kashe riyal ɗinka, buɗe murfin dilko, ka kama rota ka girgiza ta gefe da gefe. In ba ta wasa, kuma motar ta zirga-zirgar gari ce, ƙaramin modul irin na Pertronix da ake sawa a gurbin balatin ya ishe ka. Waya biyu ne, aikin awa guda. In kuwa tana wasa, modul ɗin zai ɗauki ciwon dilkon ne ya ci gaba da shi.

Farantin da sensar

Faranti ne na ƙarfe mai haƙora da ake ɗaurewa a jikin fulin karank, sensa kuma tana tsaye a gefensa tana ƙirga haƙoran. Iri biyu suka fi yawa: 36-1 na tsarin Ford, kowane haƙori digiri 10, an cire guda ɗaya, sai 60-2 na tsarin Bosch, digiri 6, an cire biyu. Giɓin nan da shi akwatin wuta, wato na'urar da ke ba koyil umarnin fitar da wuta, ke gane inda zagaye ya fara. Ga injin mai kafireta 36-1 ya fi dacewa, domin haƙoransa manya ne, sensa ta fi ganinsu lokacin da salf, wato na'urar tayar da inji, ke jan injin a hankali. Dole farantin ya zama baƙin ƙarfe, kaurin milimita 5 zuwa 6. Tafi da maganaɗisu a aljihu: in bai kama ba, kamar alminiyom da yawancin sitenles, ajiye musu kayansu.

Sensa ma iri biyu ce. Ta VR waya biyu gare ta, cikinta maganaɗisu ne da naɗin siririyar waya, ita ke haifar da wutarta da kanta. A wajen tayarwa wutar kan yi ƙasa da bolt ɗaya, a gudu ta haura bolt goma-goma. Tana jure zafi ƙwarai, kuma tashlih, wato wurin farfasa tsofaffin motoci, cike yake da ita. Aibinta biyu: tana kwasar hayaniyar lantarki, kuma in aka juya wayoyinta injin na iya ƙin tashi, ko ya tashi amma taimin ya riƙa zamewa. Ta Hall waya uku ce, tana cin bolt 5 ko 12, siginarta tsaf take komai rashin saurin juyi. Da yawa daga cikinsu sai an sa musu resista ta kilo-om 1 zuwa 2.2 tsakanin wayar sigina da ta wuta, in akwatin bai zo da tasa ba. Rashin wannan ƴar resistar ya sa an jefar da sensa lafiyayya ba ɗaya ba biyu ba. Akwatin da ka saya shi ke zaɓa maka: modul ɗin EDIS na Ford VR kaɗai yake karɓa, MegaSquirt kuwa, wadda ake saitawa da kwamfuta, tana ɗaukar kowacce in an saita ta.

Nemo ƙololuwar fiston

A nan aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Kada ka yarda da zanen da ke jikin fuli. Fulin injina da yawa kashi biyu ne, da roba a tsakani, kuma shekara arba'in na zafin Hijaz sun isa su sa zoben waje ya zame da digiri da yawa, ya tafi da alamar. A 2F alamar tana kan filawil ne, ana leƙa ta ta ƴar taga, ita ba ta zamewa, amma duk da haka a gwada.

Cire kan batir, ka kwance fulogai duka don injin ya yi sauƙin juyawa. Samo tsohon fulogi, a fasa farin tangaran ɗinsa, a zura ƙusa mai zare ta leƙo kamar santimita biyu, a goge bakinta ya yi santsi. Ɗaura shi a silinda ta ɗaya. Juya karank da hannu, a hankali, har fiston ya taɓa ƙusar ya tsaya. Yi zane a fuli daidai da tsinken nuni. Juya baya har ya sake tsayawa, ka sake zane. Tsakiyar zane biyun nan ita ce TDC ta gaskiya, wato ƙololuwar fiston. Kada a kuskura a taɓa salf ƙusar tana ciki, fiston zai huje. In ka ji ya cije tun bai kai ba, wataƙila bawul ne ya taɓa ƙusar, kada ka matsa.

Injin yana kan TDC, sai a daidaita faranti. A tsarin EDIS, giɓin yana wuce sensa kafin fiston ya kai sama: digiri 90 ga silinda huɗu, 60 ga shida, 50 ga takwas. Ma'ana, bakin sensa zai fuskanci haƙori na 9, ko na 6, ko na 5 bayan giɓi. Duba inda injin ke juyawa kafin ka ƙirga, don ƙirga ta baya kuskure ne da ake yawan yi. A akwatunan da ake saitawa da kwamfuta kana iya rubuta kowane digiri, sai dai ka guji barin giɓin ya faɗo daf da TDC, inda juyin injin ke tangal-tangal wajen tayarwa.

Kai fulin makharaɗa, wato wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, a zaunar da farantin a kan cibiyar ciki, ba a zoben da ke kan roba ba. In an juya, karkacewarsa kada ta wuce milimita 0.2. Mariƙin sensa kuma ƙarfe mai kaurin milimita 6, gajere, da ƙusa biyu a jikin injin kansa, ba a bodi ba. Matsa shi da babban yatsa: in ya motsa ko kaɗan, a sake shi. Tazarar bakin sensa da haƙori ta kasance tsakanin milimita 0.5 da 1, a auna da fila geji a wuri huɗu na zagayen.

Sensar kam fa?

Yawancin masu wannan aiki ba sa bukatarta. Karank yana zagaye biyu kafin kam ya yi ɗaya, don haka faranti kaɗai bai san ko fiston ya hau ne don matsa iska ko don fitar da hayaƙi ba. Dabarar ita ce koyil ɗaya ya ba silinda biyu wuta lokaci guda, ɗaya ta yi aiki, ɗaya ta tafi a banza. A silinda huɗu ana haɗa 1 da 4, 2 da 3. A shida a jere 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. A V8 na Chevrolet 1 da 6, 8 da 5, 4 da 7, 3 da 2. Sai wanda zai ba kowace silinda wutarta ita kaɗai, ko zai sa nozul masu fesa fetur bi da bi, shi ke neman kam. Shi ma tsohon dilko ya ishe shi: a yi wa ƙarafan ƙara taimin walda su daskare, a cire bututun iska, a bar haƙori ɗaya tak, a saita shi ya zo nesa da giɓin farantin karank.

Ko kana so ko ba ka so, kada ka zare dilko ka toshe ramin a 2F ko V8 na Chevrolet. Gindinsa ne ke juya famfon baƙin mai. In babu shi injin zai tashi lafiya lau, ya ci metal cikin mintuna.

Waya, sannan gwaji

Wayar sensa ta zama mai rigar raga, a haɗa ragar da ardi (negatif) a wajen akwati kawai, ɗaya ƙarshen a bar shi. A nisanta ta da wayoyin fulogi, da dinamo, da kebul ɗin salf, da bakin salansa. Fulogai su zama masu harafin R, wayoyinsu masu hana hayaniya. Masu zallar jan ƙarfe a ciki suna rikita akwati. Tsallake tsohuwar resistar koyil, ka tabbatar bolt 12 na zuwa har a lokacin da makulli ke kan tayarwa. A Jidda, inda danshin teku ke cin soket, sa masu roba da ɗan giris na lantarki.

Da injin ya tashi, kulle taimin a digiri 10 ka haska fitilar taimin a kan sabon zanenka. In fitilar mai dayal ce, bar ta a sifili, domin wuta biyu-biyun nan na ruɗa lissafinta. Abin da fitila ta nuna shi ne gaskiya. Gyara lambar akwati har su yi daidai. Sai ka taka zuwa juyi 3,000 a minti. In alamar ta yi tafiya sosai, juya wayoyin VR.

Motar da ke tashi da safe ta mutu in ta yi zafi, auna om ɗin sensar VR tana da zafin; naɗin da ya fara tsinkewa sai ya gasu yake buɗewa. Wadda ke yankewa a wani juyi guda kullum, mariƙi ne ke rawa ko faranti ya karkace. Wadda ke harbin salf baya, ƙirgan haƙori ne ko hayaniya. In kwamfuta ba ta ganin juyi sam, duba tazara, da resista, da ƙarfin batir. Bakin sensa yana tara garin ƙarfe, a goge shi duk canjin mai. Taswirar taimin kuma a gwada ta da azahar a tsakiyar bazara, da fetur ɗin da aka saba sha, 91 ko 95. In an ji ƙarar kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani wajen hawan tudun Hada zuwa Ɗa'if, a rage digiri 2 a wannan juyin a sake hawa.