Yadda Ake Horar Da Kare Ya Iya Farautar Salwa

Karnukan farautarmu na Maradi sun fi ƙwarewa a gudu, saboda zomo aka saba bi da su. Salwa kuwa ba a cin ta da gudu. Laɓewa take yi cikin ciyawa, ba ta tashi sai ka kusa taka ta, ta yi ɗan firiya ƙasa-ƙasa ta sake faɗawa. Don haka hancin kare da natsuwarsa za ka gina.

Ka samo kwikwiyo ɗan wata 2, ka sa masa gajeren suna, kuma kai kaɗai za ka riƙa ba shi abinci. Kafin ka ajiye kasko ka yi fito, ka kira sunan. Da ya kai wata 3 ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar ciwon haukan kare. A wannan lokacin kalma uku ta ishe shi: zo, tsaya, kawo. Minti 10 a rana, ba duka. Kwikwiyon da ya saba shan bulala ba ya kawo wa ubangidansa komai, ɓoyewa yake yi da shi.

Wajen wata 5 sai aikin hanci. Ka nemi fiffiken salwa wurin masu kiwonta, ka ɗaure a tsumma, ka ja shi a ƙasa inda bai gani ba, ka tura ƙarƙashin karan gero. Ka zo da karen ta inda iska ke buso masa a fuska. In ya gano, ka shafa kansa ka ba shi ɗan nama daga hannunka.

Nan ne wurin da ya fi muhimmanci, kuma nan ne mutane ke gaggawa: kada ya tauna. Da ya ɗauka ka ce “kawo”, ka karɓa a hankali, ka musanya masa da wani abincin. Kada ka yi ja-in-ja da shi, domin haka ke koya masa datse haƙora. Wannan har addini ya shafa. Aya ta 4 a Suratul Ma’ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo maka, hadisin Adiyyu bin Hatim kuma ya bayyana cewa ka ambaci sunan Allah lokacin sakinsa, in ya ci daga ciki to kansa ya kama wa, kada ka ci. In ka tarar da tsuntsuwar da rai, ka yanka.

Bayan haka sai daji, da igiya mai tsawon mita 10 a wuyansa. Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, sa’ad da salwar Turai ke saukowa Sahel, a gonakin da aka girbe da bakin fadamun Gulbin Maradi ko wajen Madarunfa. Ka fita da asuba. In iskar hunturu ta busar da ƙasa, ƙanshi ba ya zama. Da ka ga ya rage tafiya, wutsiya ta miƙe, ka riƙe igiyar ka ce “tsaya”, sai ka matso da kerenka na jifa kafin ka bar karen ya tayar da salwar. Mai bindiga ya fara sabar masa da ƙarar daga nesa, yana cin abinci.

Kafin fitar farko ka je wurin ma’aikatan gandun daji ka karɓi takardar izini, kamar yadda dokar farauta ta 1998 ta tanada, ka kuma tambayi lokacin da aka buɗe farauta. Duk dawowa ka ba shi ruwa, ka cire karangiya daga tsakanin yatsunsa, ka duba kunnuwa saboda kaska.