Firjin Ƙasa: Yadda Za a Koya wa Ɗaliban Injiniya Ƙira Domin Jama'a

Ɗalibin injiniya yakan iya lissafi sarai, amma ya ƙera abin da mai kayan miya ba zai taɓa saye ba. Aikin da ke maganin wannan cikin zangon karatu ɗaya shi ne randa cikin randa, wato firjin yumɓu mai sanyaya kayan miya ba tare da lantarki ba, wadda Mohammed Bah Abba, lokacin yana malami a Jigawa, ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a 2000.

A raba ɗalibai huɗu-huɗu. Mako biyun farko ba zane. Su je kasuwa wajen masu tumatir da alayyahu, su je wajen maginan tukwane, su tambaya: kwana nawa kaya ke yi kafin su ruɓe, wa ke ɗebo ruwa, nawa ake sayar da jarka? Cikin gida kuwa ɗalibai mata ne za su shiga, da izinin maigida da sanin mai unguwa. Wannan matakin ne malamai suka fi tsallakewa, alhali shi ne darasin.

Sai haɗawa. A saka ƙaramar randa cikin babba, a bar tazarar santimita 3 zuwa 5, a cika da wankakken yashi, a jiƙa, a rufe baki da jiƙaƙƙen buhun algarara. A ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, ana ƙara ruwa safe da yamma. Ɗalibai su auna zafin ciki da na waje duk bayan awa biyu har kwana bakwai, su rubuta litar ruwan da aka zuba. Kowace litar da ta tashi a iska tana tafiya da zafin da ya kai kilojul 2,400 (kilojul ma'aunin makamashi ne), shi ya sa cikin randar ke yin sanyi.

Idan aka shafa wa randar waje fenti ko siminti, ƙofofin yumɓu sun toshe, sanyi ya ƙare. Ruwan zartsi ma yana toshe su a hankali. Da damina iska cike take da laima, ruwa ba ya tashi sosai, don haka sakamakon bazara ba ya wakiltar na Agusta.

Wajen ba da maki, rabi na awo ne. Sauran rabin na amsar tambaya uku: ribar kwana nawa za ta biya kuɗin randar, wa zai gyara idan ta tsage, kuma itace nawa aka ƙona wajen gasa ta? Wanda ya ƙara fanka da batir, sai ya nuna shagon da ake samunsu a garin.